Kunnuwan Motar Alhaji Orozi

Akwai wani matashi mai walda a garin Faya, sunansa Allaci. Rumfarsa na bayan tashar motocin kudu, ƙarƙashin wata bishiyar dabino da hayaƙi ya ƙone mata gefe ɗaya. Kakanninsa wuƙa da mashi suka ƙera, shi kuma ƙarfen mota yake ɗinkewa.

Wa ɗaya gare shi a duniya, Sugi, direban wata tsohuwar a-kori-kura da ke ratsa rairayin Jurab zuwa Kuba. Iyayensu sun rasu tuntuni. In Sugi ya dawo daga tafiya, kafin ya je gida sai ya biyo ta rumfar, ya danna oda sau biyu, ya zauna a kan wata tsohuwar taya yana jiran shayi.

Wata safiya Alhaji Orozi ya tsaya a bakin rumfar da sabuwar mota fara ƙal. Mutum ne da zinare ya yi wa rana, motocinsa na hanya da yawa, kuma rabin aikin rumfar daga hannunsa yake fitowa. A bayan motar akwai bamba naɗe cikin bargo, daga Sabha aka kawo masa ita.

"Kai maƙeri, taso. Ka ɗaura min wannan kafin azahar."

Allaci ya kwance bambar baya ta kamfani ya jingine. Sabuwar mai nauyi ce, tana sheƙi har mutum na ganin fuskarsa, ga farantin ƙasa da ya rufe bakin casis, wato ƙashin motar, ruf. Ya auna, ya huda, ya ɗaure ta da manyan notuna a jikin casis ɗin kansa. A fuskarta akwai zobba biyu masu kauri, waɗanda direbobi ke kira kunnuwa, inda ake ɗaura igiyar ja.

Ya buge hannunsa ya ce, "Alhaji, an gama. Wannan ko tankar ruwa ka ja da ita ba za ta ce uffan ba."

Alhaji ya nuna zobban da bakin takalmi. "Yanke waɗannan."

"Kunnuwan?"

"Ka ga wani abu da ya fito kamar na jaki ban da su? Ƙugiyar gaba ma ka kwance ta."

Allaci ya ɗaga tabarau ɗin walda daga idonsa. "To in ka tarar da wani ya kafe fa, Alhaji?"

"Ai shi ya sa. Tsohuwar motata wajen jan gwangwanayen mutane kulocinta ya ƙone. Kowa ya samu kwano mai taya sai ya faɗa rairayi ya zauna jiran Orozi. In na wuce, tasha ta ɗauka ban da mutunci, a hana ni shayi, a ƙi ayari da ni. Amma wanda ba shi da wurin ɗaura igiya, wa zai ce masa ya yi laifi?"

Gaskiyarsa ta nan wajen. Dokar hanya ita ce mota ba ta wuce mota, ko da jiya kun zagi juna. Uzurin da ake karɓa guda ne, a duba motarka a ga babu inda igiya za ta kama. Alhaji wannan uzurin ya zo saye.

Allaci ya dubi zobban. Ya tuna motar mai ita ce, ya tuna wa ke kawo aiki, ya ɗauki injin yanka. Na dama ya fita sumul. Na hagu, faifan injin ya karye a tsakiya, dole ya ƙarasa ta ɗaya gefen, yankan ya fito da tsani kamar haƙorin da ya guntule.

"Bari in goge gindin."

"Ba ni da lokaci. Rufe da waɗannan." Alhaji ya miƙo masa jajayen robobi biyu masu ƙyalli, irin na bayan mota. Da aka ɗaure su a kan guntayen, sai ka rantse haka bambar ta zo.

Da yamma Sugi ya iso, ya ga zobban rataye a ƙusa.

"Mai tabarau, wa ka yi wa aski har da kunne?"

Allaci ya gaya masa. Sugi ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

"Mai kuɗi ke nan, har rowarsa sai an yi mata walda. Ni dai ba ruwana. Tsohuwata ba ta kafewa, kunyata take ji."

Ba a yi nisa ba ta kafe.

A tsakiyar Jurab ne, da fasinja cike a baya. Ta nutse a ƙasa mai gari, injin ya mutu, kik ɗin tada inji ya ƙi juyawa. Suka haƙe tayoyin, suka shimfiɗa farantan ƙarfe a ƙarƙashinsu, amma mutane ba sa iya tura mota a rairayi har ta tashi. Ja ɗaya kawai take nema.

Wani mai sayar da dabino da ke cikin fasinjojin shi ya ba da labarin daga baya. Ya ce suna zaune a inuwar bodi sai ga farar mota. Mata suka fara hamdala. Sugi ya ruga da igiya a kafaɗa, yana murmushi.

Alhaji Orozi ya sauke gilashi. "Sugi, kai ne? Wayyo. Zagaya ka duba da idonka, ina za ka ɗaura?"

Sugi ya san komai, amma ya zagaya. Ya dawo ya ce, "Alhaji, in kwanta a ƙasa in ɗaura a sifirin. Taku kaɗan ne, ta tashi."

"Ka tsinka min bututun burki a tsakiyar daji? Kai ka san mota kuwa?"

"To ara min wayarka ta tauraron ɗan'adam in kira Faya."

"Babu kuɗi a ciki. Ina isa zan turo muku mota."

Ya ba su jarka guda ta ruwa, ya ɗaga gilashi. Ya isa Faya ya tarar da bikin ɗan abokinsa, bai gaya wa kowa ba.

Da ruwa ya ja baya, Sugi ya raba sauran wa mata da yara, ya naɗa rawaninsa, ya ce zai taka zuwa wata rijiya da makiyaya ke sauka. Wani ayari ya tsinci fasinjojin da ransu, leɓunansu duk sun tsage. Sugi kuma an same shi a bayan wani tudu, ya kwanta ta gefen dama, ya tada kai da takalmansa, kamar mai jiran a tashe shi.

Jama'a, abin da ya fi mutuwar ciwo shi ne zaman makoki. Alhaji Orozi ya zo. Ya zo da buhun sukari da farar babbar riga, ya zauna a tabarmar gaba kusa da Baba Galmai, shugaban direbobin tasha, tsohon da ya san Jurab tun zamanin raƙuma.

"Wallahi Baba abin na cina," in ji shi. "Da motata na da kunne da na ja shi. Haka bambar ta zo daga kamfani. Saƙon kuma na bayar, wanda na ba ne ya manta."

Allaci yana bakin ƙofa yana zuba wa baƙi ruwa. Ya ajiye butar a hankali.

"Ƙarya ne. Da kunnuwanta ta zo. Kai ka sa aka yanke."

Alhaji bai ko juyo ba.

"Tun yaushe maƙeri ke tsoma baki in maza na magana? Baƙin ciki ne, ku yi masa uzuri."

"Suna rumfata rataye. In ɗauko?"

"Wane maƙeri ne ba shi da tarin zobba? Je ka ɗauko goma."

Baba Galmai ya tashi da sandarsa, ya fita ya zagaya farar motar. Ya ga jajayen robobi, ya ga ƙarfe sumul. Allaci ya ce a bar shi ya kwance robar guda ɗaya kawai. Alhaji ya ce duk wanda ya taɓa masa mota sai dai a raba su a gaban hukuma, ya shiga ya ja.

Baba Galmai ya ce, "Yaro, ba a yanke wa mutum hukunci da zobe biyu."

Wani daga baya ya ƙara da cewa, "In ma gaskiya ne, hannun wa ya yanke?"

Wannan maganar ita ta zauna wa Allaci a ƙirji. Mutane suka ci gaba da shan shayi da Alhaji, suna yin ayari da shi. A tasha ana cewa Sugi ƙaddara ce ta same shi, ƙanensa kuma ya ɗan taɓu.

Da aka jawo tsohuwar motar zuwa Faya, Allaci ya buɗe kik ɗin. Waya ɗaya ce ta saki, siririya kamar tsinken sakace. Ya mayar da ita, ya murɗa makulli, motar ta tashi. Ya kifa kansa a sitiyari ya daɗe bai ɗago ba.

Daga nan rumfar ta fita masa a rai. Duk odar da aka danna a hanya sai ya waiga, tayar nan kuma tana nan babu kowa a kanta. Ya ɗora janareta da injin walda a bayan motar wansa, ya koma bin hanya yana gyara a Kuba da zangon masu haƙar zinare, yana ɗaukar fasinja in an samu. Zobban nan biyu ya ɗaure su da tsumma a bayan kujera. In mota ta hau gargada yana jin su suna bugun juna.

Bayan kakar dabino, yana dawowa daga Kuba da rana tsaka, Baba Galmai na gefensa, shi ma daga wata gaisuwa can ya fito, fasinja kuma a baya. Suna hawa wani tudu sai suka hango mutum yana kaɗa farin rawani.

Farar motar ce. Ta sauko tudu da gudu ta faɗa kwari, hancinta ya nutse har gilashi, tayoyin baya sun binne har sifirin. Abin da ya rage a waje bambar nan ce kawai, tana ƙyalli a rana. Wayar tauraron ta fashe a faɗuwar. A ƙarƙashin wani zane da aka kafa da sanda, wata tsohuwa na kwance, mata biyu na yi mata fifita.

Allaci ya gane motar tun daga nesa. Ƙafarsa ba ta sauka daga totur ba. Hanya a buɗe take ta hagu, ƙasa mai tauri, babu abin da zai tsayar da shi.

Baba Galmai ya ce, yana kallon gaba, "Mota ba ta wuce mota."

"An wuce tamu, Baba."

Suna dab da giftawa sai tsohuwar ta yi tari, irin busasshen tarin wanda maƙoshinsa ya daɗe bai ga ruwa ba. Allaci ya taka burki.

Bai kalli Alhaji ba. Ya sauke jarka ya kai ƙarƙashin zanen, ya durƙusa ya tallafi kan tsohuwar ta sha. Inna Herde ce, mahaifiyar Alhaji, ana kai ta asibitin Faya saboda ciwon ƙirji. Ta sha a hankali, ta riƙe masa wuyan hannu tana sa albarka.

Sannan ya ɗauko igiyar Sugi ya saɓa a kafaɗa.

"Alhaji, zan ja ka. Nuna min inda zan ɗaura."

Leɓen Alhaji ya bushe ya yi fari. Ya dubi bambar, ya dubi Baba Galmai. "Ko ka zagaya igiyar a jikinta..."

Wani fasinja ya gwada. Farantin ƙasa ya rufe ko'ina, igiya ba ta da inda za ta ratsa, in an ja sai ta sulɓe. Wani ya ce a haƙa a nemi sifirin, aka haƙa, rairayin na komawa kamar ruwa.

Wani dattijo daga cikin fasinjojin ya ce, "Kai, wannan kamfani bai kyauta ba. Bamba kamar madubin amarya, ba wurin kamawa."

Alhaji ya matso kusa da Allaci, ya rage murya. "Kai ka san yadda za a yi. Ka yi shiru ka yi, zan gani."

Allaci ya wuce bayan motarsa. Ya tada janareta, ya jawo wayoyin walda. Ya ɗauki sukundireba ya kwance jajayen robobin ɗaya bayan ɗaya, ya yar a rairayi. Guntayen ƙarfe biyu suka bayyana, sun fara tsatsa, na dama sumul, na hagu da tsani.

Ya je bayan kujera ya kwanto tsumman. Ya kama zoben hagu da filaya, ya miƙa wa Alhaji.

"Riƙe."

"Ni?"

"Hannuna biyu ne. Ɗaya na walda, ɗaya na tabarau. Ɗora shi a mazauninsa ka riƙe."

Akwai maza da yawa a wurin da za su iya riƙewa. Babu wanda ya motsa. Alhaji Orozi ya tattare babbar rigarsa ya durƙusa a rairayi mai zafi, ya ɗora zoben a kan guntun. Tsanin ya shiga tsani, ya zauna daram, ko gashi ba zai ratsa ba.

Baba Galmai ya sunkuyo da sandarsa. Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa ya shafa inda suka haɗu, ya miƙe.

"Wane maƙeri ne ba shi da tarin zobba," ya faɗa a hankali.

Allaci ya sauke tabarau ya kunna wuta. Tartsatsi na zuba a hannun rigar Alhaji yana huda ta, bai isa ya saki ba. Allaci bai yi aikin fushi ba. Ya bi kowane zobe zagaye bayan zagaye, ya ƙwanƙwashe, ya sake bi, yadda zai yi wa motar da wansa zai hau. A bayan baƙin gilashin babu wanda ya ga idonsa.

Da ƙarfen ya huce aka ɗaura igiya, aka shimfiɗa faranti, maza suka haƙe gaba. Tsohuwar motar Sugi ta yi gurnani, ta yi tirjiya, igiya ta miƙe tana rawa. A ja na uku kwarin ya saki farar motar.

Alhaji ya zura hannu a aljihu. Allaci ya ce, "Bar shi. An biya ni tun ranar da na yanke."

Inna Herde ta ga komai daga inda take kwance. Ta kira Baba Galmai da hannu.

"Galmai, yaron nan ɗan wa ne? Me ke tsakaninsa da nawa?"

Alhaji ya ce, "Inna, ki huta, maganar mota ce."

"Ba kai na tambaya ba."

Baba Galmai ya gaya mata, bai ƙara ba bai rage ba. Ta rufe ido. Da ta buɗe, ɗanta ta kalla.

"A Jurab ɗin nan mahaifinka ya zubar da kayan gishirinsa ya ɗora wani mutum a raƙumi. Har ya mutu bai san sunansa ba. Mun yi shekara muna cin bashi saboda gishirin nan, ban taɓa jin kunyarsa ba." Ta yi tari. "Ku ɗaga ni."

Matan suka ɗaga ta suka nufi farar motar. Ta girgiza kai.

"Ɗana," ta ce da Allaci, "da wuri a motar wanka?"

Baba Galmai ya bar mata kujerar gaba, ya hau baya cikin fasinja da tsufansa.

Kafin a tashi an dafa shayi, kamar yadda aka saba in mota ta fita. Baba Galmai da kansa ya zuba. Ya miƙa wa na damansa, ya miƙa wa na gaba, da ya iso kan Alhaji Orozi sai hannunsa ya tsallake, ya ba na kusa da shi. Kofin farko da na biyu da na uku duk haka. Alhaji na zaune da hudajjen hannun riga, yana kallon ƙasa.

Inna Herde ta isa asibiti da ranta. Labarin kuma ya riga farar motar shiga tasha.

Har yau tana yawo a Faya da kunnuwanta, baƙar walda a kan farin ƙarfe, ana hango ta daga nesa. Alhaji ya zaga masu walda a sake gyara masa wurin, kowa ya ce injinsa ya lalace. In zai ratsa Jurab shi kaɗai yake ratsawa.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya Baba Galmai ya tara direbobi suka je rumfar Allaci. Ya tsaya a gaban kowa ya ce, "Yaro, mun ƙaryata ka a makokin ɗan'uwanka. Ka yafe mana." Aka sake yi wa Sugi addu'a, wannan karon da sanin yadda ya tafi.

Allaci ya dafa musu shayi. Wuri ya yi kaɗan, wasu a tsaye suka sha, amma tsohuwar tayar nan babu wanda ya zauna a kanta.

Darasi: Wanda ya shirya uzurinsa tun kafin a roƙe shi, ya riga ya yi laifin tun yana gida. Kada ka toshe hanyar da taimako zai fita daga gare ka, don ta nan naka zai shigo. Kada kuma ka ara wa mai rowa hannunka, ba ka san a kan wa abin zai faɗa ba. In an zalunce ka, ka yi abin da ya dace ko zuciyarka na ƙuna, gaskiya ta san mazauninta. Ku tura wa direbobi da masu sana'a da kuka sani, ku kuma sa duk wanda hanya ta riƙe a cikin addu'arku.